Hawan Rulo a Bakin Ƙofa

Zuwa ga autata Balkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki a Ngawundare cikin ƙoshin lafiya, kin huce gajiyar hanya. Allah ya tsare ki a masauki kamar yadda ya tsare ki a mota, ya haɗa ki da maƙwabtan kirki, ya sa yaran da aka tura ki koyarwa su zama masu jin magana. Direban nan mai ɗaukar mini kaya na ba ya kawo miki. Da baki ba zan iya ba. Kin san halinki, da na ɗauko magana sai ki ce "To Mama, na ji," idonki na kan waya.

Ba labarin gida zan ba ki ba, shekaranjiya kika bar shi. Maganar rulo ce, ƙarfen nan mai ganguna da ake ɗora keke a kai a tuƙa shi a wuri ɗaya. Na ga yadda kika ɓata rai a tasha da aka ɗaure shi a saman mota tare da keken, mutane na tambaya ko injin niƙa ne. Na san a ranki kin riga kin zaɓa masa lungun da zai jingina har ya yi tsatsa. Shi ya sa na zauna in rubuta miki yadda na fara hawansa da shirmen da na tafka a kansa, ko kya tsallake wasu ramukan da na faɗa.

Ki tuna abin da likita ya gaya miki ranar gwajin ɗaukar aiki: suga ya fara leƙowa a jininki, bai kai na shan magani ba tukuna, amma yana hanya in ba ki motsa jiki ba. Ni ma haka aka fara gaya mini, kina ƙaramar makaranta lokacin. Na dawo daga lopital wurin likita, ko babanki ban gaya wa ba. Na ce a raina, ni da nake tashi tun asuba, ina ni ina ciwon 'yan hutu. Alhali tashin nawa daga gado ne zuwa bayan moto na 'yan acaɓa, daga moto zuwa kujerar shago a Rumde Ajiya, in wuni a zaune ina auna yadi, kofin shayi na bin kofi. Wata ta kawo mini saiwa mai ɗaci daga kasuwar Pitowa, na jiƙa na sha, na ɗauka ɗaci ya kashe zaƙi, magana ta ƙare.

Tafiyar ƙasa da likita ya ce in riƙa yi, na gwada, ban daɗe ba na bari. Garwa ba garin da mace irina za ta taka a ƙafa a ƙyale ta ba ne. Kowane mai moto sai ya tsaya, kowace ƙawa sai ta tambaya ko lafiya, ko saɓani muka yi da maigida. Ga rana, tun hantsi take gasa mutum. Na koma kujerata. Abin da ya tashe ni daga kanta ɗan rauni ne a babban yatsan ƙafa. Tuntuɓe na yi a ƙofar gida, ya ƙi warkewa. Ina wanke shi wata safiya sai Inna ta faɗo mini a rai. Ke ba ki san kakarki da ƙafa biyu ba, a kan tabarma kika san ta a Bibemi, sandarta a gefe. Ita ma daga yatsa aka fara. Ranar na gaya wa babanki, har da tun lokacin da na sani. Ya dube ni, ya dubi ƙafar, ya tashi ya fita. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

To Auta, kada ki jira yatsa. An gaya miki da wuri, ƙafarki lafiya, idonki lafiya. Ni ma an ba ni wannan damar na yi wasa da ita.

Bayan an sha fama raunin ya rufe ne babanki ya shiga ɗakin tarkace ya jawo rulon. Kin san a samartakarsa tseren keke yake yi, kafin ya buɗe wurin gyara. A kudu ya ga irinsa wurin wasu 'yan tsere, suna hawa in ruwan sama ya hana su fita. Da ya dawo ya zana wa Jonas mai walda a ƙasa da tsinke, mutumin dutsen nan da ke zuwa mana barka da salla, shi kuwa ya yanka bututu ya haɗa: ganguna biyu a baya inda ƙafar baya ke zama, ɗaya a gaba, da bel na roba da ke haɗa su. Babu abin da ke riƙe keken. Kina takawa, ƙafafun na gudu, ke kina wuri ɗaya, in kin karkace kuma kin sauka. Na ce wa babanki rabona da keke tun ina budurwa a Bibemi, ina kai wa yayyena abinci gona. Ya ce jiki ba ya mantuwa, in bari gobe in ya taso daga aiki ya riƙe mini.

Ban bari ba. Nauyi nake ji ya gan ni ina tangaɗi, mace da 'ya'ya manya. Da ya fita, ku kuma kun tafi lekol karatu, na ja rulon tsakiyar ɗaki, nesa da kowane bango don kada in bugu. A ganina wayo na yi. Na ɗora keken, na gyara ɗaurin zane, na hau. Ban gama zama ba bakin zanen ya shige sarƙa, keken ya zame, ni da shi muka tafi kan kabad ɗin kwanuka. Ƙarar har gidan maƙwabciyarmu Dada Asta. Ta shigo ko mayafi babu, tana "Ɗume waɗi? Me ya faru?" Ta tarar da ni a ƙasa, murfin samira na juyawa kusa da kaina. Sai da ta kawo almakashi aka raba ni da keken. Atamfa ce mai kyau, sau ɗaya na ɗaura ta.

Saboda haka ranar farko kada ki hau ke kaɗai. Ki nemi wata cikin malaman da kuke zaune tare, ko matar mai gidan, ta tsaya a gefenki. Dariyar da za ta yi ba ta karya ƙashi. Ki sa wandon da na ɗinka miki mai matse idon sawu, zane da dogon hijabi su jira ki a kan gado. Takalmi mai rufe yatsu, ba silifa ba. Rulon kuma ki kafa shi a bakin ƙofar ɗaki, yadda ginin ƙofar zai zama a hagunki da damanki daidai kafaɗa. In kin karkata, kafaɗa ce za ta tare ki. Ki ajiye 'yar kujerar tsugunno kusa, don keke kan ƙara tsawo in ya hau rulo, ƙafa ba ta kai ƙasa.

Da babanki ya fara riƙe mini sirdi ta baya, ido ne ya riƙa ka da ni. Ƙafar gaba nake kallo. In ta yi hagu in fizgo ta dama, in ta yi dama in fizgo ta hagu, har in fice daga kan gangar. Hannuwana sun damƙe kan keken kamar za a ƙwace mini, kafaɗuna sun hau har kunne. Ga shi ina taka feda a hankali, wai don in na faɗi kada in ji ciwo. Shi kuwa yana ta faɗa: ɗaga kai, ƙara gudu, sassauta hannu. Babanki mutum ne mai sanyi, amma da ya ga keke sai tsohon ɗan tseren ya tashi, har muryarsa ta canza. Ya daka mini tsawa. Ni kuma tsoro ya kama ni, sai bakina ya riga hankalina. Na ce masa ya ƙare rayuwarsa a gindin keke, ya nuna mini abin da keken ya tsinana masa ban da baƙin mai a farce.

Bai saki sirdin ba sai da ya ga ƙafata ta taka kujera. Sannan ya ɗauki hularsa ya fita. Mun yi kwanaki daga gaisuwa sai "ga abinci". Da baƙin man nan aka yi muku karatu, ku duka, kuma na san haka tun kafin in rufe baki. Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce. Amma har yau in zai ci abinci sai in ga ya daɗe a bakin buta yana goge farcensa, abin da a da ba ya yi.

Balkisu, bakina kika gado. In tsoro ya kama ki, ko kunya, ki sani lokacin ne harshenki ya fi kaifi, kuma wanda ke kusa, mai riƙe da ke, shi zai yanka. Ki sauko ki sha ruwa tukuna kafin ki ba da amsa. A aji ma haka, a gidan da Allah zai kai ki ma haka.

Da muka koma, ya canza dabara. Shi ya fara kafa mini rulon a bakin ƙofa. Ya ɗauko kujera ya zauna can tsakar gida, a gabana, yana gyaran wata ƙafar keke. Bai ɗago ba ya ce, "Da kina ɗauko tulu daga rafi a Bibemi, ƙafarki kike kallo?" Na ce a'a. Ya ce, "To ki kalle ni, ki ba ni labarin rafin."

Na dafa ginin ƙofa da hannu ɗaya, ina takawa, ina ba shi labarin yadda muke tonon yashi da rani har ruwa ya taso, da ranar da ƙanwata ta fasa tulun Inna ta ce saniya ce ta bi ta. Labari ya yi daɗi, ƙafata ta ƙara sauri ban sani ba. Hannun da ke bango ya gaji, na mayar da shi kan keken, shi ma ban lura ba. Abin da na lura da shi, babanki ya daina gyaran, ya zuba mini ido. Na duba na ga babu abin da ke riƙe da ni. Dubawar ce ta karkatar da ni, kafaɗata ta bugi ƙofa. Amma na riga na ɗanɗana, kuma tun daga ranar jikina ya yarda abin mai yiwuwa ne.

Ki samo wani abu a gabanki, nesa kaɗan, daidai tsayin ido, ko ƙusa ce a bango, ki ajiye idonki a kai. Kada ki ji tsoron gudu. Keke a kan rulo kamar katantanwar yara yake, tana gudu tana tsaye, da ta rage sai ta kwanta. Ki sa giya matsakaiciya, ki taka feda a zagaye, a santsi, ba irin saukar taɓarya a turmi ba. Kan keken ki riƙe shi kamar kin riƙe ƙwai. In ya ɗan karkata ki ƙyale shi, zai dawo. Fizga ce ke ka da mutum.

Akwai kuma birki. Wata rana ina kai, na fara jin kaina gwana, aka yi sallama a ƙofar gida. Na waiwaya, na kuma matse birki kamar ina kan titi. Keken ya tsaya cak, gangunan suka watso ni gefe. Wuyan hannuna ya kumbura, na daɗe ina auna yadi da hagu. A kan rulo ba a taɓa birki. In za ki tsaya, ki kai hannu bango, ki daina takawa, ƙafafun su mutu da kansu. Mai sallama ya jira. Wayarki kuma ki bar ta a wani wuri inda ba za ki gan ta ba. Kada ki saurari masu cewa in mutum ya zame keken zai harba shi gaba ya fasa bango. Ba ya yi. Gefe ake sauka, na sauka sau da yawa, na sani.

Babbar wautata ta zo ne bayan na iya. Likita ya duba jinina ya ce ya yi kyau, na dawo gida kamar wadda ta ci gasa. Na ce in kaɗan ya yi haka, da yawa zai kori ciwon gaba ɗaya. A lokacin kuma magana ta fara yawo a unguwa, wai Hajiya mai atamfa ta koma yarinya, tana tseren keke da bango. Abin ya dame ni. Na janye rulon daga bakin ƙofa na mai da shi cikin ɗaki kusa da bango, na rufe ƙofa, na rufe taga. Bazara ce, irin zafin Garwa da ko ƙadangare ke neman inuwa. Na sha maganin sugan da aka riga aka ɗora ni a kai, na ƙi karyawa, wai don kitse ya fi narkewa. Na hau na yi ta yi. Can sai na ji gumin ya koma sanyi, hannuwana na rawa, bangon gabana ya fara duhu. Allah ya taimake ni na dafa bango na sauko. Da rarrafe na kai ƙofa na buɗe, na kira Dada Asta ta kan katanga da 'yar muryar da ta rage mini.

Mijinta na da irin ciwon, saboda haka kallo ɗaya ta yi mini ta gane. Ta dama suga a ruwa ta ɗura mini, ta tare moto ta riƙe ni a baya har lopital. Likita ya ce suga ne ya faɗi ƙasa, kuma da na suma a bayan rufaffiyar ƙofar nan, da wata magana ake yi. A hanyar dawowa Dada Asta ta ce mini, "Hajiya, don kada mu yi dariya za ki mutu a kulle? Ai dariyar mun riga mun yi, ta ƙare."

Ki bar ƙofa a buɗe, ko aƙalla taga, ki kunna fanka in akwai wuta. A kan titi iska ce ke shanye gumi, a ɗaki babu mai shanye miki. Gorar ruwa kusa da hannu, dabino kaɗan a kan kujera. Kada ki hau da yunwa, kada ki hau da cikakken ciki. Ki fara da kaɗan, ki sauko tun kina son ƙari, gobe ki koma. Kaɗan kullum ya fi tarin wahala ranar Lahadi. In wata rana aka ɗora ki a kan magani, ko azumi ya zo, ki je ki tambayi likita yadda za ki haɗa su, kada ki yanke wa kanki hukunci irin nawa. Masu magana kuwa za su yi, su gaji. Cikin waɗanda suka yi da ni, akwai wadda yanzu takan zo ta ari wandona.

Saura ɗaya, ita ce ta shafe ki. Kin tuna hutun da kika ce bari ki gwada, gaban yayyenki? Kin hau da ƙwarin gwiwa, ke da kike yawo da keke har bakin gada, kika zame kika zauna daɓas. Ni na fara dariya, sauran suka bi. Har na ce ashe tsohuwa ta fi ki. Kika tashi kika kaɗe jikinki kika shige ɗaki, ba ki ƙara taɓa rulon ba. Ranar ya kamata in bi ki in gaya miki yadda aka yanka mini zane da almakashi. Na ƙi, don ina jin daɗin a ce akwai abin da na iya wanda ku ba ku iya ba. Ki yafe mini, Auta. Iya keke a titi daban, iya shi a rulo daban, kowa sai ya faɗi. Babanki ma ya ce ranarsa ta farko a kudu kan bokitin wani ya sauka. In yaro ya yi kuskure a ajinki, kada dariyar ta fara daga bakinki.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Tayoyi su sha iska sosai, mai laushi na sa keke lilo. Ki goge gumi daga jikin ƙarfen in kin sauko, gishirinsa na ci. Ki shimfiɗa tsohuwar darduma a ƙarƙashi don rage ƙarar gangunan, kuma tun kafin ki fara ki je ki gai da mai gidan da maƙwabta, ki gaya musu abin da za su riƙa ji da dalilinsa. In akwai ƙananan yara a gidan, kada su matso kina kai, yatsunsu na son bel ɗin nan. An ce Ngawundare akwai sanyi, damina kuma doguwa ce, to ke abin ya zo miki da sauƙi. Ni kada ki damu da ni, Jonas ya haɗa mini sabo. Tsohon na ba ki don ya fi santsi.

Babanki bai raka ki tasha ba, ya ce aiki ya yi masa yawa. Babu wani aiki. Makon nan duka kekenki yake haɗawa, ya mai da abokan cinikinsa baya. Ya kwance gangunan rulon ya wanke su da kananzir, ya sa sabon giris, ya auna wurin gangar gaba da tsayin keken, ya sake aunawa. Akwai bel na biyu a aljihun jakarki na gefe, shi ya sa. Da motarku ta tashi na dawo, na same shi a gida, ya rufe shago da rana tsaka. Bai tambaye ni ko kin yi kuka ba, bai tambaye ni kujerar da kika samu ba. Ya ce, "An ɗaure shi da kyau? Ba su ɗora kaya a kan ƙafar gaba ba?" Na ce da kyau aka ɗaure. Ya gyaɗa kai ya ce madalla, ya tashi ya shiga ɗaki, abincin rana bai ci ba.

Ranar da kika kwance rulon, ki kira shi, shi ba ni ba. Ki tambaye shi yadda ake sa bel ɗin, ko da kin riga kin sa. Ba zai ce yana kewarki ba. Zai yi ta yi miki bayanin bel har wayarki ta yi zafi. Ki bar shi ya gama.

Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya raba ki da ciwon da ya ci kakarki, ya tsare fitarki da shigarki. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke hutu muna raye. Dada Asta na gaishe ki, yayyenki na gaishe ki.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
daga Garwa